Saiwar da Ta Kai Ni Gabon

Tun da na dawo daga Gabon bakina bai huta ba. A asibiti a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni. Har Madam Rhoda, shugabarmu a wurin aiki, 'yar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta cika shiga sabgar kowa ba, ta jawo kujera ta ce, "Sista Hadiza, wai da gaske kin ga maganin da idonki?" Na gaji da faɗa gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu taɓin hankali a nan Azare. Ƙanena Habu soja ne. An kai su Laberiya, ya dawo ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma barci ya ƙaurace masa. In maƙwabta suka fara daka, sai ya shige ƙarƙashin gado. Daga baya ya kama shan ƙwaya, wai ita ke kashe masa ƙarar da ke cikin kansa, har aka sallame shi daga aiki. Mun ɗora shi a kan maganin asibiti. Ya rage masa firgita, amma ya mai da shi kamar buhu: ya ci, ya zauna, ya zuba wa bango ido.

Ana cikin haka sai yayanmu Sale, wanda ke sayar da yadi a garin Bitam na ƙasar Gabon, ya aiko da kaset. Muka taru a zauren Baba aka kunna. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, a kawo mini Habu. Akwai wata saiwa a nan, iboga sunanta. Sha ɗaya ake yi. Na san wanda ya yi shekara da shekaru yana ƙwaya, yau ko taba ba ya sha."

Baba ya dube ni. "Ke ce ta asibiti. Me kika ce?"

Na ce, "Baba, ban taɓa jin sunanta ba. Ba zan ce ƙarya ce ba, amma ba zan yarda a kai shi ba sai na gani."

Ya ce, "To je ki gani."

Maigidana ya amince, amma ya ce sai da Kawu Buba. Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, mutumin Gamawa, tsohon mai fataucin shanu da ya san hanyoyin Kamaru kamar yunwar cikinsa.

Mun tashi ranar wata Asabar a motar Maiduguri. Kafin Potiskum taya ta fashe, da aka fito da safaya sai aka tarar ita ma a sace take. Kawu ya shimfiɗa buzunsa a gindin aduwa ya ce, "Hadizatu, zauna. Mai zuwa Gabon ba ya fushi tun daga nan." Daga Maiduguri muka kama ta Banki, inda iyaka take. Gari ɗaya ne aka raba biyu: ka sayi gishiri a Najeriya, ka tsallaka kwata ka sayi barkono a Kamaru.

Jandarman Kamaru ya duba katin allurata ya juya shi sama da ƙasa, sannan ya buɗe jakata ya ci karo da kilishin da Inna ta aika wa Yaya Sale. Ya yi ta zuba Faransanci, ni kuwa ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Sai Kawu ya gaishe shi da Fulatanci. Nan take fuskar mutumin ta sake. Ashe Bafulatanin Garwa ne. Suka shiga tambayar juna shanu da damina, aka yaga masa gefen kilishi, ya buga mana hatimi. Daga nan har Ngaundare, Fulatancin da na raina a gida shi ya ci da mu. Duk inda Hausa ta ƙare, shi ke ɗaukar mu.

A Ngaundare muka hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Da gari ya waye na leƙa taga na ga ƙasar ta sauya: kurmi ta ko'ina, ƙasa ja wur. A kowace tasha mata na miƙo kaya ta taga. Na sayi wani abu dogo da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare, na ɗauka alkaki ne ko wani danginsa. Da na kwance sai tsami ya bugi hancina, na ce wa Kawu an sayar mini da ruɓaɓɓe. Matar da ke gabana ta yi dariya har da hawaye, ta karɓa ta gutsura ta haɗa da soyayyen kifi ta miƙo mini. Rogo ne da aka jiƙa ya yi tsami, shi ne tuwonsu. Kafin in bar Kamaru na iya cin biyu a zama ɗaya.

A Yawunde mun sauka a unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji ɗan asalin Haɗeja. Matarsa ta yi mana miyar shuwaka da gyaɗa da busassun jatan lande, abin da a gida ba za a haɗa ba ko a mafarki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwarsu. Wata maƙwabciya ta shigo ta rungume ni ta manna mini kumatu dama da hagu. Ta juya wajen Kawu, ya ja da baya har ya take buta.

Daga can sai kudu, cikin ruwan sama da ba ya gajiya, har bakin kogin da ya raba Kamaru da Gabon. A kwalekwale muka tsallaka. Wajen sauka taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya, don haka da silifas ɗin Kawu na shiga Gabon, shi kuma a ƙafa. Jami'an can sun fi na Kamaru tsanani. Sun zaunar da mu a benci har la'asar, sai da Yaya Sale ya zo da kansa ya tsaya mana.

Yaya ya yi ƙiba, ya yi furfura. Tun kafin mu isa gida ya fara: "Ina Habu? Na ce a kawo Habu, an kawo mini mai bincike."

Na ce, "Yaya, nuna mini wanda ya warke tukuna."

Kashegari ya kai ni. Isiyaku sunansa, Bahaushen Kamaru, tsohon direban babbar mota, yanzu yana tura amalanken ɗaukar kaya a kasuwa don an ƙwace lasisinsa tun zamanin shaye-shaye. Na dube shi da idon aiki. Hannunsa ba ya rawa, idonsa fari, zancensa a jere.

Na ce, "Malam Isiyaku, me ka gani?"

Ya ce, "Hajiya, ɗacinta ya fi maɗaci. Na yi amai har na ce hanjina zai fito. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Daga nan rayuwata ta riƙa wucewa a gabana kamar majigi. Na ga ranar da na ɗaga wa mahaifiyata hannu. Na ga fuskarta, wadda a ranar ban kalla ba. Da na tashi, sha'awar ƙwaya ta fita daga raina kamar an zare ƙaya."

"Ba ta taɓa dawowa ba?"

"Takan leƙo. Amma yanzu ina da ƙarfin ce mata a'a."

Ban ga alamar ƙarya a tare da shi ba. Na tuna Habu a gindin bango. Yaya ya ce, "To, kin gani?" Na ce na ga ɗaya.

A unguwar ma ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. Limaminsu ya ce abin da ke gusar da hankali an san hukuncinsa, ga shi kuma ana haɗa shi da kiran kakanni. Wasu suka ce lalura ce, a sha saiwar a bar tsafin. Na ce wannan na malamai ne. Ni abin da ya kawo ni shi ne in san ko tana warkarwa, da kuma ko tana kisa.

Yaya ya kai ni ƙauyen mai ba da maganin, wata tsohuwa da ake kira Mama Obon. Da dare suke shagalinsu, na ce ba zan je ba, sai da hantsi muka isa. Mun tarar da wata doguwar rumfa buɗe, ga wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa a jingine, ga mutane da farar ƙasa a fuska suna shara. A kan tabarma wani saurayi na kwance, mata biyu na zaune a kansa, ɗaya na shafa masa ruwa. Na nemi izini na kama hannunsa. Bugun jininsa a hankali yake ƙwarai, yana kuma tsallake. Da a sashenmu ne, da tuni na aika a kira likita.

Tsohuwar ta nuna mini itacen a bayan ɗakinta. Ɗan ƙarami ne, bai kai ni tsawo ba, da 'ya'ya ruwan lemo kamar barkono. Ɓawon saiwar ake kankarewa. Na tuna zaƙamin da ke fitowa a jujin bayan gidanmu, wanda samari ke sha a kawo mana su suna kamun abin da babu. Bambancin shi ne a gida a ɓoye ake sha, a nan kuwa dangi ne ke kawo mutum, su zauna a kansa har ya tashi.

Yaya na fassara, na tambaye ta, "Mama, yaya kike sanin yawan da za ki ba mutum?"

Ta ce, "Ina ba shi kaɗan-kaɗan ina kallonsa."

"Kina mayar da wasu?"

"Wanda ya riga ya fara jin muryoyi ba na ba shi. Ƙofarsa a buɗe take, in na ƙara turawa ba za ta rufu ba."

"Akwai wanda ya mutu?"

Yaya bai so fassarawa ba. Na ce ya faɗa mata yadda na faɗa. Ta ce, "Akwai wanda ya tafi bai dawo ba. A asibitinku ba a mutuwa?"

Na ce, "Ana mutuwa, Mama. Amma mukan bi sawu mu ga abin da ya kashe."

Ta gyaɗa kai, ta sa aka kawo mana ayaba.

Wadda ta ba ni sauran labarin a kasuwa na same ta, ba nemanta na yi ba. Na je sayen takalmi ina ciniki da hannu, sai mai shagon ta ce da Hausa tsantsa, "Baiwar Allah, daga ina?" Na ce Azare. Ta dafe ƙirji. Inyamura ce, Mama Ngozi, a Azare aka haife ta, babanta na sayar da kayan keke a bakin kasuwa. Ta tambaye ni mutanen da wasu sun daɗe a ƙasa. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta ba ni kujera.

Ta ce, "Mijina giya ta kama. Mun yi addu'a, mun yi asibiti. Aka ce ga saiwa. Ba wurin wannan tsohuwar ba, wani ƙauye ne gaba. Da ƙafarsa ya tafi, yana wasa da yara. Sun ce yana kwance lafiya, aka zo tashinsa aka tarar ya yi sanyi. Sista, ba wanda ya tambaye shi ko yana da ciwon zuciya. Ni ma ban sani ba ko yana da shi."

Da na koma gida na ce, "Yaya, ka san mijin Mama Ngozi?"

Ya ce, "Na sani. Kwanansa ne ya ƙare."

"Me ya sa ba ka sa shi a kaset ba?"

Ya fusata. "Ke kin fi kowa son Habu ne? Kun mai da yaro gunki da allurarku, na samo hanya kina neman gawa!" Kawu ne ya raba mu. Na san ba mugunta ce ta sa Yaya ya ɓoye ba. Isiyaku kullum yana wucewa ta gaban shagonsa suna gaisawa. Mijin Mama Ngozi kuwa ba ya wucewa.

Mama Ngozi ce ta haɗa ni da wani tsohon likita a asibitin mishan da ke bayan gari, ɗan ƙasar, wanda ya yi karatu a Faransa yana kuma jin Turanci. Ya karɓe ni kamar abokiyar aiki. Na zayyana masa halin Habu da magungunan da yake sha.

Ya ce, "Sista, ba iboga kaɗai ba ce. Turawa ma suna da irinta, wata a ɗakin gwaji aka haɗa, wata daga laimar kwaɗi. Shekarun baya likitocin ƙwaƙwalwa sun gwada su a kan mashaya, da masu baƙin ciki mai tsanani, da masu ciwon ajali da tsoron mutuwa ya hana sakat. An ba da rahotanni masu daɗin ji."

Na ce, "To me ya hana a ci gaba?"

Ya ce yawancin gwajin ba a yi shi yadda ya kamata ba. Sau da yawa ba a ajiye wasu marasa lafiya a gefe da ba a ba su ba, balle a kwatanta. Inda aka yi ƙoƙarin haka ma akwai matsala: a gwajin kirki bai kamata mara lafiya ya san ko maganin gaske aka ba shi ko na banza ba, amma wannan, wanda ya sha ya san ya sha. Ga shi kuma ana zama da mutum ana lallashinsa, ba a san nawa ne aikin maganin, nawa ne aikin kulawar ba. Wasu ba a bi su an ga yadda suka ƙare bayan shekara ba. Kafin a gyara waɗannan, samari suka mai da abin kayan maye, gwamnatoci suka haramta, bincike ya kusa tsayawa cak.

"Ke nan ƙarya ce?"

"Ban ce ba. Ba a tabbatar ba, ba a kuma ƙaryata ba. An rufe shari'a ne kafin a gama jin shaidu. Na ga irin Isiyaku, na yi murna. Na ga wanda ya koma shaye-shaye bayan 'yan watanni. Akwai wani ɗalibi a ɗakin can da ya sha bara, har yau bai dawo daidai ba. Ni waɗanda abin ya ɓaci nake gani, tsohuwar kuma waɗanda suka dawo godiya. Ni da ita duk rabi muke gani."

Na ce, "Likita, da ƙaninka ne fa?"

Ya ce, "Abu ɗaya na sani tabbas: saiwar nan tana taɓa bugun zuciya, maganin da kuke ba shi ma yana taɓawa. In an haɗa, ana iya rasa shi. In an cire naku don a ba shi wannan, a kurmi, babu na'ura, babu likita, ban san abin da zai faru ba. Da ƙanina ne, zan jira."

Ranar da za mu taho Yaya bai yi mini magana ba sai a bakin kogi. Ya miƙo mini ƙullin leda, garin saiwar ne. Ya ce, "Ko kya canza ra'ayi." Na ce, "Yaya, in na ɗauka, wata rana zan ga Habu cikin wani hali in ba shi. Riƙe abinka." Ya mayar aljihu, ya ce in gai da Inna, idonsa ya kawo ruwa.

Dawowa ba ta da labari, sai zazzaɓin da ya kwantar da Kawu a Garwa, inda 'yan'uwansa na fatauci suka yi ta ɗura masa kindirmo har ya miƙe.

A zauren Baba na faɗi komai, ban rage ba: Isiyaku, saurayin kan tabarma, mijin Mama Ngozi, ɗalibin, da maganar likita. Ban san Habu na tsaye a bakin ƙofa ba sai da ya yi magana.

"Yaya Hadiza, ni wanne zan zama a cikinsu?"

Na ce, "Ban sani ba, Habu. Babu kuma wanda ya sani."

"To a kai ni. In na zama direban, alhamdu lillahi. In na zama mijin Mama Ngozi, na huta."

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Na ba gwamnati kai sau ɗaya ban san inda za a kai ka ba. Ba zan sake ba da kai a kan ban-sani-ba ba."

Habu ya juya ya shige. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Na roƙi likitanmu ya sake duba maganinsa, aka rage, aka sauya wani. Ya ɗan sake, har yana bin Kawu Gamawa ranar kasuwar shanu. Bai warke ba. Akwai ranakun da yake komawa ƙwaya, mu sake farawa. Yaya Sale ya aiko cewa Isiyaku na nan garau har ya yi aure, Habu kuma ya ji. Da na ji haka na yi murna, amma ban san ko na tsare ƙanina ba ne ko na tare masa hanya.

Ranar da ya fara yi mini magana, ina wanke hannu a tsakar gida ya zo ya tsaya.

Ya ce, "Likitan nan ya ce ba a gama bincike ba ko?"

Na ce, "Haka ya ce."

"In an gama, ni za ki fara gaya wa. Ko me aka samu."

Na yi masa alkawari. Yanzu duk mujallar likitoci da ta iso ofishin likitanmu, ko ta bara ce, sai na roƙa na duba. Duk Juma'a in na je gida, kafin in ajiye jaka, Habu zai ɗago kai ya ce, "Yaya, an gama?"

In ce, "Da saura."

Ya ce, "To," ya matsa mini a tabarma.